Kowa da Allonsa: 'Yancin Yaro a Makaranta, daga Zangon Agege

A makarantar allo babu aji ɗaya, babu aji biyu. Yara talatin ko arba'in za su zauna a tabarma, kowa da allonsa a kan cinya, amma da wuya ka sami biyu da suke wuri guda a karatu. Wannan yana babbaƙu, na kusa da shi ya shiga farfaru, wancan yana izu biyar, ga wata yarinya can gefe ta doshi sauka. Wanda ya iya allonsa sai ya tashi ya durƙusa gaban malam ya biya. In ya kawo daidai, a ce ya je ya wanke a yi masa ƙari. In bai kawo ba ya koma ya ci gaba da maimaitawa, ko kwana nawa zai ɗauka. Ba wanda zai ce masa ya faɗi, domin ba a sa ranar da kowa zai gama ba. Haka ake yi a Kano da Katsina da Maraɗi, haka kuma ake yi a lungunan Zangon Agege, inda ƙarar jirgin ƙasa da hon ɗin motocin haya kan danne muryar masu karatu.

A Turai da Amurka akwai wasu makarantu ƙalilan da suka daɗe suna jayayya da gwamnatoci da iyaye don a bar su su yi abin da ya yi kama da wannan. Mafi shahara a cikinsu ita ce Summerhill, wadda wani malami ɗan ƙasar Sikotilan, A. S. Neill, ya kafa a 1921 a kusa da birnin Dresden na Jamus, kafin ta zauna a garin Leiston na Ingila a 1927. A can akwai malamai, akwai jadawalin darussa, amma shiga aji ba dole ba ne. Yaro na iya shafe watanni yana wasa ko yana sassaƙa a ɗakin kafinta, ba mai kama hannunsa. Dokokin zaman makarantar kuma taron kowa da kowa ne yake yin su, inda ɗan shekara shida yake da ƙuri'a guda, shugabar makaranta ma guda, kuma ɗalibi ne ke jagorantar zaman. A Amurka, makarantar Sudbury Valley da aka buɗe a jihar Massachusetts a 1968 ta ƙara gaba: ba ta da jadawali sam, akwai kwamitin shari'a na yara da ke sauraron ƙararraki, har malamai ma sai an kaɗa ƙuri'a a kansu kafin su ci gaba da aiki.

A 1999 masu duba makarantu na gwamnatin Ingila sun rubuta rahoto mai zafi a kan Summerhill, aka nemi ta tilasta wa yara shiga aji ko a rufe ta. Makarantar ta kai ƙara. A watan Maris na 2000, ana tsakiyar shari'a a Landan, gwamnati ta nemi sulhu. Sai ɗaliban da suka halarta suka yi taronsu na makaranta a cikin ɗakin kotun, suka kaɗa ƙuri'a a kan ko za a karɓi sharuɗɗan sulhun. Suka karɓa. Makarantar tana nan har yau.

Abin da ke ƙarƙashin wannan tsari ba wai sakaci ba ne. Masu shi sun yarda cewa yaro da son sani aka haife shi, kuma tsoro ne ke kashe wannan son. Sun yarda cewa yaro mutum ne tun yanzu, mai mutuncin da ba sai ya girma za a ba shi ba. Kuma suna ganin wanda ba a taɓa bari ya yanke shawara a kan ƙaramin abu yana ɗan shekara goma ba, ba zai farka ranar da ya cika goma sha takwas ya iya zaɓen gwamna ba. Neill kansa ya sha nanata cewa 'yancin yaro yana tsayawa daidai inda haƙƙin wani ya fara: kana da ikon ƙin shiga aji, ba ka da ikon buga ganga a gefen mai barci.

Ra'ayina shi ne rabin wannan tafarki muna da shi a gida tun kafin a haifi Neill, kuma muna cikin zubar da shi. Ɗaya rabin kuwa ba mu taɓa shigar da shi makaranta ba.

Agege wuri ne mai kyau na duba wannan batu, saboda yadda Hausawa suka zauna a cikinta. Goro ne ya kawo mu. Da aka fara noman goro sosai a gonakin Agege da kewayen Ota, aka kuma haɗa layin dogo na Ikko da Kano a 1912, fataken da kakanninsu ke tafiyar watanni zuwa Gwanja suka sami hanya mafi kusa. Suka kafa zango kusa da tasha, da masu masauki da dillalai da mahauta, kuma duk inda Bahaushe ya sauke kaya sai ya kafa masallaci, malam ya shimfiɗa buzu a gefensa. Yaron da ya tashi a wannan unguwa yau yana jin Hausa a gida, Yarbanci a kan titi, buroka a kasuwa, kuma ba wanda ya zaunar da shi a aji ya koya masa ko ɗaya daga ciki. Ɗan shekara goma sha biyar da ke zuwa kasuwar wayoyi ta Ikeja yana tsaye bayan maigidansa, cikin shekara guda sai ka ga yana buɗe waya yana sauya gilashi da hannunsa. Wanda ke bin babansa mayankar Oko-Oba ya san kowace gaɓa ta sa da sunanta da kuɗinta. Waɗannan su ne yaran da wani lokaci ake rubuta wa a takardar sakamako cewa ba su da ƙwaƙwalwa.

Makarantar zaure, wadda ake ce wa makarantar ilimi, ta fi ta allo nuna wannan 'yanci. Ɗalibi ne ke zaɓen malaminsa. Shi ke zaɓen littafin da zai ɗauka, ko da yake akwai jerin da aka saba bi: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, har zuwa Muhtasar ga wanda ya yi nisa. Bayan sallar asuba za ka ga tela da ɗan canji da mai gadi da saurayi ɗan sakandare sun kewaye malam, kowa riƙe da nasa littafin. Wanda layi ya zo kansa ya ce, "Allah gafarta malam," ya ja baƙi, malam yana fassarawa yana bayani, shi kuma yana amsawa da "na'am". In ya ji ya ɗauki abin da zai iya riƙewa, shi da kansa zai tsaya. Sauran suna saurare, saboda haka mai Ahalari yana tsintar Risala tun kafin ya kai ta. Babu rajista, babu kuɗin shiga da aka yanka, babu takardar shaida. In ɗalibi ya ga wani malami ya fi wannan sanin nahawu, ya yi sallama ya koma can, sau da yawa ma malaminsa ne zai tura shi. A haka aka yi manyan malaman ƙasar Hausa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi a haka suka yi karatu, daga wannan malami zuwa wancan, har wurin Malam Jibrila ɗan Umaru.

Abin sha'awa, a Agege ɗin nan aka yi ɗaya daga cikin manyan yunƙurin sauya wannan tsari a Nijeriya. Shaihu Adamu Abdullahi al-Iluri ya kafa Markaz a Abeokuta a 1952, ya dawo da ita Agege a 1955, ya shigo da aji da baƙin allo da manhaja da jarrabawa da takardar shaida cikin karatun Larabci. Yana da hujja mai ƙarfi. Tsarin zaure na iya cin shekara ashirin, mutum ya san fiƙihu amma bai iya rubuta wasiƙa da Larabci ba, kuma ba shi da takardar da zai nuna wa jami'a ko ma'aikata. Markaz ta yaye dubban ɗalibai da suka bazu a Afirka ta Yamma, kuma ba mai musun alherinta. Islamiyyun da suka cika unguwanninmu yanzu wannan hanya suka bi, haka ma makarantun boko masu zaman kansu, waɗanda wata ƙidaya da aka yi a Legas wajen 2011 ta nuna sun haura 12,000.

Sai dai aji yana da nasa farashin, kuma yaro ne ke biya. Da zarar an ce yara arba'in su buɗe shafi ɗaya a rana ɗaya, an riga an yanke cewa wasu za su zauna suna hamma, wasu kuma za a bar su a baya. Bayan wata uku sai a jera su daga na ɗaya zuwa na arba'in, a rubuta a takarda a aika gida. Yarinyar da ta zo ta talatin da takwas sau uku a jere ta koyi darasi guda da zai bi ta har gidan miji, wato ita ba ta karatu ba ce. A makarantar allo wannan yarinya da ta ci gaba da zuwa da allonta, ta sauke a shekara tara maimakon shida, a yi mata zayyana a yanka rago kamar kowa. Akwai kuma abin da ake rasawa idan aka raba yara bisa shekaru. A tabarmar allo babba ne ke biya wa ƙarami, kuma duk wanda ya taɓa biya wa wani ya san nan ne karatunsa ke zama. Masu makarantar Sudbury suna ɗaukar cakuɗa manya da ƙanana a matsayin babban sirrin nasararsu. Mu kuwa muna ganinsa alamar rashin ci gaba.

Ba zan yi wa makarantar allo kwalliyar da ba ta da ita ba. Yaro yana tafiya da saurinsa, gaskiya ne, amma bakinsa a rufe yake. Bai zaɓi zuwa ba, bai zaɓi malam ba, ba a tambayarsa komai game da yadda ake zaman. Bulala tana hannun malam ko gardi, tana sauka a kan wanda ya yi shiru da wanda ya yi gyangyaɗi, wani lokaci a kan layi gaba ɗaya saboda laifin mutum guda. Iyaye da yawa su suke neman haka. Uba zai kawo ɗa ya ce, "Malam, ga shi nan, kada a raga masa," har akwai masu cewa inda bulalar malam ta taɓa wuta ba za ta ci ba. A makarantar boko ma muƙamin da yaro ke samu shi ne monita, wanda malami ke naɗawa, aikinsa ya rubuta sunayen masu surutu a kai su a doke su. Yaro ya fahimci mulki ke nan tun yana ƙarami: wanda ke sama ya ɗora ka, kai kuma ka kai masa rahoton 'yan uwanka. Bai kamata mu yi mamaki ba in muka ga wannan ɗabi'a a ƙungiyoyin kasuwa da na unguwa bayan shekara talatin.

Masu kare bulala sukan jingina da addini, amma malaman mazhabarmu sun fi su taka tsantsan. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya rubuta littafi a kan ladubban masu koyarwa, inda ya taƙaita dukan yaro a kan karatu ga bulala uku in ba da izinin uba ba, ya hana dukan fuska da kai, ya hana duka cikin fushi. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware babi a Muƙaddimarsa a kan illar tsanantawa ɗalibai, ya nuna cewa tana koya musu ƙarya da yaudara da kasala, saboda yaro na koyon ɓoye abin da ke zuciyarsa don gudun hannu. A tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai abin da ya fi wannan kusa da batunmu. An kawo masa abin sha, yaro na damansa, dattawa na hagunsa. Sai ya nemi izinin yaron ya fara ba dattawan. Yaron ya ƙi, shi kuwa ya miƙa masa ƙoƙon. Haƙƙin na yaron ne, aka tambaye shi, ya ce a'a, aka bar masa. Kafin yaƙin Uhudu ma ra'ayinsa shi ne a tsaya cikin Madina, matasa suka matsa a fita, ya bi shawarar masu rinjaye. Duk yaron da ya yi nisa a allo zai wuce ta kan sura guda mai suna Shura, zai haddace ta, alhali ba a taɓa yin shawara da shi a kan ko da lokacin tashi ba.

Al'adarmu ma ba baƙuwar mulkin yara ba ce. A ƙauyukan ƙasar Hausa samari da 'yan mata suna da sarautunsu, da sarkin samari da shugabar 'yan mata, suna shirya gayya, suna cin tarar wanda ya saɓa. Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarin irin wannan zaman na ƙuruciyarta, a littafin da ya fito a 1954. A wasan kalankuwa bayan kaka matasa kan kafa hukuma sukutum, da sarki da alƙali da 'yan doka. Yau ma dubi yaran unguwa da ƙungiyar ƙwallonsu a Agege: su ke tara kuɗin riga, su ke zaɓen kyaftin, su ke yanke wa wanda ya makara hukunci, kuma hukuncin yana zama ba tare da babba ya sa baki ba. Iyawar tana nan. A bakin ƙofar makaranta ake karɓe ta.

Akwai ƙorafi mai nauyi da dole a saurara. Summerhill makarantar kwana ce ta kuɗi, ɗalibanta ba su kai ɗari ba, iyayensu kuma suna da abin da za su tallafe su da shi in sun fito ba takarda. Ɗan mai gadi a Ikeja ko 'yar mai sayar da tumatir a Mile 12 ba su da wannan gata. In yaron Agege ya shekara bai shiga aji ba, ba ɗakin kafinta zai tafi ba, talla za a ɗora masa, ko titi ya ɗauke shi. Muna da dubban yara a Arewa da Kudu da ba mai tilasta musu komai daga safe har dare, kuma wannan watsarwa ce, ba 'yanci ba. 'Yancin da Neill ke magana a kai yana da katanga, da abinci sau uku, da manya masu lura. Don haka ban ga hikima ba a ce wa iyayen Zango su bar zuwa makaranta ga ganin damar yaro. Dattawa sukan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma a kan amfanin iya karatu da lissafi a gari irin Legas suna da gaskiya. Tai Solarin, wanda ya kafa makarantar Mayflower a Ikenne ta jihar Ogun a 1956, ya ɗora wa ɗalibansa noma da gini da hidimar kansu, ya yarda da iyawarsu ƙwarai, amma bai sassauta zuwa aji ba.

Sai dai wannan ƙorafi ya shafi ɓangare guda ne kawai. Ba wa yara murya a kan dokokin zamansu ba ya cin ko kwabo, kuma ba a gidan masu kuɗi aka fi gwada shi ba. Janusz Korczak, likitan yara a birnin Warsaw na Folan, ya buɗe gidan marayun Yahudawa a 1912, ya kafa musu majalisa da jarida da kotu wadda yara ke alƙalanci. Shi kansa an sha gurfanar da shi gabanta. Ya riƙe wannan tsari har cikin yunwar yaƙin duniya na biyu, kuma a watan Agusta na 1942 ya bi yaransa kusan 200 zuwa sansanin Treblinka inda aka kashe su. Tunaninsa na cikin abin da ya share fage ga yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda sashe na 12 nata ya ba yaro haƙƙin a ji ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi. Nijeriya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, jihar Legas ta yi tata a 2007. A takarda, yaron Agege ya daɗe da samun wannan haƙƙi.

Abin da malamin Islamiyya ko na allo zai iya farawa da shi ƙarami ne. Ranar Laraba, kafin a tashi hutun Alhamis da Juma'a, a ajiye alluna rabin awa a zauna da'ira. Manhaja da lokutan salla da abin da shari'a ta yanke ba sa cikin abin tattaunawa, kamar yadda a Summerhill ma ɗaukar malamai da kuɗin makaranta ba sa hannun taron yara. Amma wa zai yi shara, yaya za a raba layin buta, me za a yi wa wanda ya karya alƙalamin wani ko ya zubar masa da tawada, wa zai riƙe jagorancin zama na wata guda, duk waɗannan yara za su iya yankewa. Su zaɓi manya biyu ko uku a cikinsu, har da mace, waɗanda ƙarami zai kai wa ƙara kafin a je gaban malam. Waɗanda suka gudanar da irin wannan taro sun lura cewa yara sukan fara da tsananin hukunci, sai su sassauta da kansu idan suka ga dokar da suka yi ta faɗo a kansu. A ɓangaren karatu kuma, Islamiyya na iya riƙe aji don Larabci da fiƙihu, ta bar hadda a kan tsarin ƙari, kowa da inda ya tsaya, ta daina jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe.

Wahalar ba a wurin yara take ba. Za ta zo ranar da wata 'yar shekara tara za ta ɗaga hannu ta ce, "Allah gafarta malam, jiya an doki Yaya a kan surutu, kuma ba shi ya yi ba," sauran su goyi bayanta. Malamin da ya tashi a ƙarƙashin dorina zai ji kamar an taɓa rawaninsa, wasu iyaye kuma za su ce ana koya wa 'ya'yansu fitsara, su yi barazanar cire su. Shi ya sa kafin a tara yara sai an fara tara iyaye, a masallacin unguwa ko a ƙofar mai unguwa, limami ya karanta musu abin da ɗan Sahnun ya rubuta, a kuma nemi iyaye mata su zo, tun da su ne suka fi sanin yaron da ke ƙirƙiro ciwon ciki duk ranar da lokacin makaranta ya yi.